Masu Sa Ido a Gidan Caca da Masu Binciken Caca: Yadda Aikin Yake da Inda Ya Shafi Kano

Kano ba garin gidajen caca ba ne irin waɗanda ake gani a manyan otal-otal na Legas da Abuja. Caca haramun ce da nassin Alƙur'ani, a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000 ta zama laifi a dokar jiha. To me zai sa Bakano ya damu da sana'ar mutumin da ke zaune a rufaffen ɗaki yana kallon teburin karta ta kyamara? Dalili shi ne cacar ba ta jira an gina mata gida ba. Ta shigo ta waya, tana karɓar kuɗi ta hannun mai POS na bakin layi, tana cin jarin yaron shago a Kwari da Singa. A watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30 a birni, amma wanda aka rufe wa shago da safe yana iya ci gaba da karɓar kuɗi da yamma daga ɗakinsa. Kulle ƙofa daban, bincike daban. Binciken kuwa ilimi ne da aka fi gogewa a kansa a cikin gidajen cacar kansu, shi ya sa ya kamata a san yadda suke yi.

Ayyuka biyu ne ake yawan haɗawa, alhali iyayen gidansu ba ɗaya ba ne. Mai sa ido ma'aikacin gidan caca ne, gidan ke biyansa don kada a sace masa kuɗi. Mai bincike na hukuma kuwa, ko a 'yan sanda yake, ko EFCC, ko hukumar ba da lasisi, gidan kansa yana cikin waɗanda yake tuhuma. Kayan aikinsu iri ɗaya ne, amma wanda suke karewa ya bambanta.

Ɗakin sa ido

Kafin zuwan kyamara, a tsofaffin gidajen cacar Las Vegas ta Amurka mutane ake ɗorawa a kan siririyar hanya cikin silin, suna leƙen teburi ta gilashin da ba a ganin na bayansa. Yau kyamara ta maye gurbinsu, amma ƙa'idar farko ba ta canza ba: sashen sa ido ba ya ƙarƙashin manajan filin caca. Kai tsaye yake kai rahoto ga shugabannin kamfani, domin manajan ma ana kallonsa. A gidaje da yawa ƙofar shigarsu daban take, ba a so su ci abinci ko su yi abota da masu rabon karta, kuma duk wanda ya shiga ɗakin sai an rubuta sunansa da lokacin shigarsa da fitarsa. Da zarar mai kallo ya fara jin nauyin wanda yake kallo, aikin ya lalace.

Kowane teburi yana da kyamara tsayayya daga sama wadda dole ta nuna lambar karta da launin kwabban robar da ake amfani da su a madadin kuɗi, sannan akwai mai juyawa da zuƙowa wadda ma'aikaci ke bin fuska ko hannu da ita. Haka tagar kashiya, da ɗakin ƙirga kuɗi, da hanyar da ake bi da akwatunan kuɗi daga teburi zuwa ɗakin. Masu ƙirgar suna sa riga marar aljihu, teburinsu na gilashi ne don kada a maƙale takarda a ƙarƙashinsa.

Sabon shiga yakan ɗauka aikinsa neman fuskar ɓarawo ne. Ba haka ba ne. An tsara kowane motsi na mai rabo ta yadda kyamara za ta iya karanta shi. In zai bar teburi sai ya buɗe tafukansa sama da ƙasa. Ba ya karɓar kuɗi hannu da hannu, sai an ajiye a kan teburi ya baje su a gani kafin ya zura a akwati. In zai biya, sai ya rarraba kwabban a fili yadda za a ƙirga daga sama. Mai sa ido ya haddace wannan tsari, abin da yake farauta shi ne inda aka kauce masa. Mai rabon da ya daina buɗe hannu, ko yake karkata jiki yana tare kyamara duk lokacin da mutum ɗaya ya zauna a gabansa, shi ake fara bi, ko da ba a ga an ɗauki komai ba.

Sai lissafi, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Faifan rulet, wanda ake juyawa da ƙaramar ƙwallo a ciki har ta faɗa gurbin wata lamba, in mai sifili ɗaya ne yana da gurbi 37, amma wanda ya ci lamba guda ana biyansa ninki 35 ne. In mutum ya sa naira 1,000 a lamba ɗaya sau 37, a matsakaici zai ci sau ɗaya, ya karɓi 35,000 da dubunsa, ya zama ya zuba 37,000 ya kwashi 36,000. Wannan dubu ɗayar ita ce ribar gida, kashi 2.7 cikin ɗari. Faifan Amurka mai sifili biyu gurbinsa 38 ne, ribar ta haura zuwa 5.26. Da wannan ake auna kowane ɗan caca: wanda ke sa 10,000 a kowane juyi, juyi 40 a awa, na tsawon awa 3, ya juya naira miliyan 1.2, abin da gida ke sa ran ci daga gare shi 32,400 ne. Dare ɗaya yana iya saɓa wa lissafin, wannan ba komai ba ne. Amma teburin da ya yi makonni yana kawo ƙasa da abin da ya kamata, kuma gibin yana bin zaman mai rabo ɗaya, sai a janyo hotunansa. Dole kuma mai kallo ya riga mai rabo gama lissafin biya: kwabo 3 a lamba guda da kwabo 4 a tsakanin lambobi biyu, wanda ake biya ninki 17, jimla 105 da 68, wato 173. In an tura 183, yana da 'yan daƙiƙu ya buga waya kafin a kwashe.

Yawancin maguɗin ɗan caca na hannu ne: ƙara kwabo a kan wanda ya riga ya ci, zare kwabo daga wanda ya faɗi, sa kuɗi bayan ƙwallon ta zauna a gurbi, ko yi wa karta alama da farce. Waɗannan kyamara mai kyau tana kamawa. Wanda ke cin gida da gaske shi ne wanda aka yi da ɗan gida, kamar mai rabon da ke yin kamar yana cakuɗa karta alhali ya bar jerinta yadda take don abokinsa ya san mai fitowa. Ko hukuma ba ta tsira ba. Ronald Harris injiniya ne na hukumar kula da caca ta jihar Nevada a Amurka, aikinsa duba manhajar injinan caca, sai ya riƙa sauya ta don ta biya mutanensa, har asiri ya tonu a 1995 a Atlantic City.

Akwai kuma abin da ba sata ba ne a fili. Ƙirga kartar da ta fita a zuci ba laifi ba ne a dokar Amurka ko Ingila, iyaka gida ya hana mutum wasa. Amma a 2012 shahararren ɗan karta Phil Ivey ya ci fam miliyan 7.7 a gidan Crockfords na Landan ta hanyar lura da ɗan bambancin zanen bayan karta, bayan ya sa mai rabo ta riƙa juya masa wasu katuna. Gidan ya ƙi biya, kuma a 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce abin da ya yi maguɗi ne, duk da bai taɓa kartar da hannunsa ba. Hotunan ɗakin sa ido da aka yi ta maimaitawa bayan ya tashi su suka nuna dabarar. Galibin aikin haka yake: komawa baya a kalli abin da ya wuce, ba kamun nan take ba.

Bin sawun kuɗi

Abin da ya fi damun gwamnatoci ba ɓarawon kwabo ba ne, mai wanke kuɗin haram ne. Mutum ya shigo da tsabar kuɗin rashawa ko na ƙwaya, ya sayi kwabba, ya ɗan taɓa wasa na minti goma, ya koma taga ya nemi a tura masa banki a matsayin abin da ya ci. Alamarsa ita ce kuɗi mai yawa, wasa kaɗan, kuma asara ba ta dame shi ba. Wasu su biyu suke zuwa, ɗaya ya sa a jan gurbin rulet ɗaya a baƙi, su yarda da asarar ɗan kashin gida a matsayin ladan wanki. Gidan da ya kau da kai yana biya da tsada: a 2023 kotu a Ostireliya ta ci kamfanin Crown tarar dalar ƙasar miliyan 450 kan sakaci irin wannan.

A Najeriya dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sa gidajen caca, har da na intanet, cikin kasuwancin da dole su tantance abokin hulɗa, su rubuta mu'amalarsa, su ajiye bayanan aƙalla shekara 5. Sashen SCUML, mai yaƙi da wanke kuɗi a ƙarƙashin EFCC, shi ke kula da su, rahoton mu'amalar da ake zargi kuma yana tafiya ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi. Dokar ta hana biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba. Shi ya sa mai bincike ba ya tsayawa a kan babban adadi kawai. Wanda ya kawo miliyan 4.8 yau, ya kawo 4.7 gobe, ya fi wanda ya kawo miliyan 6 sau ɗaya jan hankali, domin ya nuna ya san iyakar yana kewaye ta. Laifi ne kuma ma'aikaci ya tsegunta wa mutum cewa an kai rahotonsa.

A Kano binciken da waya yake farawa, ya ƙare a asusun banki. Shagon da ke karɓar cacar ƙwallo ba ya rubuta haka a allo, yakan fake da gidan kallon ƙwallo ko na wasan gem. Abin da ke tabbatar da laifi shi ne injin buga tikiti da tikitocin da ke kwandon shara, asusun wakilci da ke buɗe a kwamfuta, da na'urar POS da za a bi a ga sunan wa aka yi mata rajista. In an shiga an kwashe kujeru da talabijin an bar waɗannan, an kama yaran da ke zaune an bar mai shagon.

Kuskuren da ya fi kashe shari'a yana faruwa ne a minti biyar na farko. Jami'i ya karɓi waya, ya shiga lalube, ya buɗe saƙonni, ya tura wa kansa hotuna. Duk abin da ya taɓa ya canza tarihin wayar, kuma lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya wa ya san abin da aka ƙara. Yadda ake yi shi ne a katse wayar daga sadarwa nan take don kada a goge ta daga nesa, a rubuta samfurinta da lambar shaidarta ta IMEI da lokacin karɓa a gaban shaida, a rufe ta a ambulan a sa hannu, sannan duk wanda ta shiga hannunsa ya sa hannu da kwanan wata. Masanin na'ura kwafi yake ɗauka ya yi aiki a kansa, asalin ba a taɓa shi. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ce hujjar da ta fito daga kwamfuta sai an nuna na'urar tana aiki daidai lokacin da ta samar da ita, kuma akan kawo takardar shaidar hakan da sa hannun wanda ke da alhakin na'urar. Bidiyo ko bayanan asusun da aka kawo babu wannan, kotu na iya ƙin karɓa komai bayyanar abin da ke ciki.

Bayanan banki ba a samunsu da baki. Sai hukumar da doka ta ba iko ta rubuta, ko kotu ta ba da umarni, don haka samamen da ba a haɗa shi da 'yan sanda ko EFCC ba yakan tsaya a bakin ƙofar shago. In bayanan sun zo, a teburin Excel ake zuba su, a jera da rana da awa da sunan mai karɓa. Asusun wakilin caca yana da kamanni: ƙananan kuɗi masu yawa daga mutane daban-daban suna shigowa ranar Asabar da Lahadi da daren wasannin Turai, sai a tattara a tura wuri ɗaya. Na wanda caca ta kama kuwa hawa yake yi, 500 ta zama 2,000, ta zama 20,000, sau da yawa cikin dare ɗaya, domin yana bin abin da ya rasa. Mai dukiya a kasuwa da ya ga lissafin yaronsa yana gibi duk ranar Litinin, nan ya kamata ya fara dubawa.

Yana da kyau mai binciken ya iya bayyana wa iyaye da alƙali dalilin da yaron ba zai taɓa farfaɗowa ba. Wasan da damar ɓangarorinsa biyu daidai take, adalci shi ne a biya ninki 2, amma kamfani na ba da 1.90, wato ya yanke kashi 5. In aka haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, yankan yana ninkuwa a kowane wasa har ya kai kusan kashi 40. Dogon tikitin da matasa suka fi so, na naira ɗari a ci miliyan, shi ne mafi riba ga kamfani.

Kyamarar da aka kafa a shaguna da gidajen mai na Kano kuwa sau da yawa ranar buƙata take ba da kunya, kuma dalilan sanannu ne. Kyamara ɗaya mai ɗaukar megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a rana. Guda 16 za su ci kusan 690, don haka ma'ajiya mai terabait 2 ba ta cika kwana 3 kafin ta fara goge na baya, ga shi sata sai an yi lissafin mako ake gano ta. Mai kafawa, don ya tsawaita kwanakin, sai ya rage hoto zuwa 6 ko 8 a daƙiƙa, alhali sai da 25 zuwa 30 ake ganin hannun da ya zari kuɗi. In ƙaramin batirin agogon na'urar ya mutu, duk ɗaukewar wuta kwanan wata zai koma baya da shekaru, bidiyon ya kasa haɗuwa da lokacin da ke kan rasit. Ƙurar hunturu tana dusashe gilashi, zafin Afrilu yana kashe na'urar da aka kulle a kabad babu iska, kyamarar da ke fuskantar ƙofa kuma inuwar mutum kawai take ɗauka saboda hasken waje. Mafi muni, a bar na'urar da lambar sirrinta a hannun wanda ake kallo.

Wanne ne na shiga?

Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne. Mai sa ido na gidan caca, komai ƙwarewarsa, ribar caca yake tsarewa, daga cikinta ake biyansa, kuma aya ta 2 a Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Ba mu ba ɗan Musulmi shawarar ya nemi wannan kujera, a Legas ko a ƙasar waje. Amma ilimin kansa ba na caca ba ne. Tsara aiki yadda za a iya duba shi, raba mai riƙe kuɗi da mai ƙirgawa, gane gibi daga lissafi, da adana hujja, duka ana neman su a banki, da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, da manyan kantuna, da masana'antun Sharaɗa da Bompai, da hukumomin yaƙi da rashawa.

Digirin akanta, lauya, kwamfuta ko nazarin laifuka duk suna kai mutum. Makarantar 'yan sanda ta Wudil tana ba da digiri, EFCC kuma tana horar da waɗanda ta ɗauka a makarantarta ta Karu a Abuja. A ɓangaren banki takardun ƙwarewa irin CAMS, ta hana wanke kuɗi, da CFE, ta binciken zamba, suna da daraja, sai dai da dala ake biyansu, gara mutum ya fara aiki kafin ya neme su. Abin da ke bambanta masu neman aikin a zahiri shi ne rubutun rahoto. Ba a rubuta cewa wane ya saci kuɗi. Ana rubuta cewa da ƙarfe 9:42 na dare, a kyamara ta 6, ya sa hannun dama a aljihun teburi ya fito da takardun kuɗi ya sa a aljihun wandonsa na hagu. Abin da ido ya gani ake rubutawa, hukunci na alƙali ne, kuma wanda ya rubuta shi zai tsaya a kotu lauya ya yi masa tambayoyi layi bayan layi, wataƙila bayan shekara biyu.

Aikin yana da nauyinsa. Zaman awa takwas ne ko fiye a gaban allo, da dare da ranar Sallah, ido yana gajiya har mutum ya kalli abu bai gan shi ba, shi ya sa ake juya ma'aikata daga allo zuwa allo. A Kano akwai ƙarin nauyi guda: wanda sunansa ya fito a bayanan asusu yana iya zama ɗan unguwarku ko ɗan aminin mahaifinka, kuma kafin magariba manya sun zo gida ban baki. Ƙa'ida ita ce mai bincike ya sanar da shugabansa a rubuce ya janye daga fayil ɗin, a ba wani.

Aikin irin waɗannan ma'aikata ya ƙara shafar jihohi tun ranar 22 ga Nuwamban 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja, kowace jiha ita ke da iko da harkar a ƙasarta. Mai shago a Kano ba zai ƙara ɗaga lasisin tarayya ya ce ya kare shi ba. Sai dai manhajar da ke wayar yaro a Kurna ko Ɗorayi tana iya zama da lasisin wata jiha, kuɗin kuma ta bankin da Babban Bankin Najeriya ke kula da shi suke wucewa. Kafin jiha ta nemi kamfani ya toshe masu shiga daga Kano, ko ta nemi kotu ta hana wani wakili taɓa asusunsa, sai ta gabatar da sunayen asusu, da ranaku, da adadi, da takardar sashe na 84 a maƙale da kowane shafi.